Wa, ƙani da tirelar raguna: yadda ake gina fim ɗin barkwanci na 'yan damfara a Legas

Duk wanda ya zaga unguwannin Legas ya ga rubutun nan da ake yi da jan fenti a jikin katanga, cewa gidan nan ba na sayarwa ba ne, a yi hattara da 'yan 419. Mai gida ba ya ɓata katangarsa haka kawai. An sha sayar wa mutane gidajen da masu su ba su ma san ana ciniki ba. Garin da katanga ke gargaɗin mai wucewa ba ya rasa labarin damfara. Abin da ke wuya shi ne marubucin da zai ɗauki labarin ya shimfiɗa shi minti 95, mutane suna dariya, kuma a fito daga kallo ana tausayin mayaudaran.

Yaranmu masu ɗaukar gajerun bidiyo a Agege da Idi-Araba da Mile 12 sun iya barkwancin minti uku: wani ya cuci wani, an gano shi, an bi shi da gudu. Wannan ba ya ɗaukar dogon fim. Dogon fim yana son ginshiƙi, kuma ginshiƙin da ya fi ƙarfi a wannan fanni shi ne 'yan'uwa biyu da mace ɗaya mai baƙon hali. Amma sai marubuci ya fara sanin wa ake damfara. Ba Alhajin mai kuɗi ba ne. Alhaji kuɗi kawai zai rasa. Wanda ake yi wa zamba cikin aminci tun daga sin na farko har na ƙarshe ƙanin ne, kuma wansa ne ke yi masa, yana kuma ganin gata yake yi masa.

Turawa sun taɓa wannan sigar. A fim ɗin The Brothers Bloom na Rian Johnson, wanda aka fara nunawa a 2008, wan ne ke tsara kowace damfara kamar mai rubuta littafi, ƙanin kuma ya gaji da zama ɗan wasan da aka rubuta wa rawa. Na ambace shi ne don bambancin da ke tsakaninsa da namu ya fito. Ƙanin Bature yana iya kallon idon wansa ya ce ya bar sana'ar, ya ɗauki jakarsa. Ƙanin Bahaushe ba ya yin haka. Babban wa magajin uba ne, balle idan shi ya kawo ka Ikko, shi ya kama maka ɗaki, shi ke aika wa Inna kuɗin cefane. Ƙanin zai ce "To, Yaya" da baki, ƙafarsa kuma tana ja da baya. Wannan tazara tsakanin abin da baki ke faɗa da abin da jiki ke yi ita ce rijiyar dariyarka. Kada ka cike ta da wuri.

Kafin ka rubuta layi ɗaya, yanke hukunci: shaƙiƙai ne ko 'yan uba? Ba ƙaramar tambaya ba ce. Idan 'yan uba ne, mai kallo Bahaushe zai fara jiran ranar cin amana tun minti na biyar, kuma idan ta zo ba za ta ba shi mamaki ba. Idan uwa ɗaya uba ɗaya ne, yana da tabbacin ba za su rabu ba, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, sai hankalinsa ya koma kan yadda za a warware ƙullin. Na biyun ya fi wa barkwanci. Na farkon yana jan labari zuwa kuka da kotu.

Sai rabon aiki. David Maurer, masanin harshe ɗan Amurka, ya zauna da 'yan damfarar ƙasarsa ya rubuta yadda suke aiki a littafin da ya fitar a 1940. Abin da ya nuna shi ne babbar damfara wasan kwaikwayo ce da aka shirya wa mutum ɗaya, kuma kowa yana da rawarsa. Akwai mai janyowa, wanda ke ƙulla abota da wanda za a cuta. Akwai na ciki, wanda ake kai mutum wurinsa, mai kwarjini da ofis. Akwai 'yan amshi da ke cika wurin don ya yi kama da gaske. Ana ba mutum ɗan ɗanɗano ya ci riba kaɗan, sai kwaɗayi ya sa ya kawo mai yawa, sannan a sallame shi ta hanyar da ba zai kai ƙara ba. Ga marubuci, wannan taswira ce. Ƙanin shi ne mai janyowa, domin fuskarsa ce ake yarda da ita, kuma shi ne zai zauna kusa da mutane har ya fara son su. Wan shi ne na ciki, mai babbar riga da wayoyi biyu. Idan ka juya rabon, soyayyar ta mutu, don na ciki ba ya daɗewa da kowa.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe, don magana a sarari ba ta koyar da rubutu.

Damfarar: sayar da tirelar ragunan da ba nasu ba, ana saura kwanaki Babbar Sallah. Dalilin zaɓenta uku ne, kuma duk na aiki ne. Tana da agogo a jikinta: daga ganin watan Zulhijja zuwa ranar 10 ga wata, bayan nan kasuwar rago ta faɗi, babu wanda zai ba da kafin alƙalami. Ba sai ka ƙirƙiro wani wa'adi na ƙarya ba. Sannan tana da nisa a jikinta: tirela daga Kano zuwa Legas tafiyar kusan kilomita 1000 ce, ga lalacewar mota, ga shingayen hanya, saboda haka "tana hanya, Alhaji, yanzu direba ya kira daga Jebba" ƙarya ce da ke iya rayuwa kwana uku ba tare da kowa ya zarge ta ba. Na uku, kowa ya fahimce ta. Mai kallo ya san dillali, ya san la'ada, ya san rago ba ya da takarda. Damfarar da sai an yi minti biyar ana bayanin banki da kwamfuta ba ta ba da dariya, domin mutum ba ya dariya yana lissafi.

Kada girman ƙarya ya tsorata ka. A tsakiyar shekarun 1990 Emmanuel Nwude da abokansa sun sayar wa wani jami'in bankin Brazil filin jirgin saman da babu shi, kuɗin ya kai dala miliyan 242, kuma a 2005 kotu a Legas ta ɗaure shi. Ƙaryar a kanta gajera ce, jimla ɗaya. Wahalar tana wajen riƙe ta kowace rana. A fim ma haka ne: jimla ɗaya ta ƙarya, sannan sin 40 na ɗawainiyar ciyar da ita.

Wanda za a cuta kuwa, dole ya kasance da hannu a halakarsa. Ka sa shi babban ɗan kasuwa wanda ke danne haƙƙin yaransa, kuma a sa masa a rai cewa ragunan na wani maraya ne da ya matsu, za a same su ƙasa da rabin kuɗi. Ya san akwai zalunci a cinikin, ya shiga. Wannan ne ke ba mai kallo izinin dariya, kuma shi ne zai hana Alhajin zuwa wurin hukuma daga baya, don kai ƙara tona wa kai asiri ne. Idan ka sa wanda aka cuta tsohuwa mai tara kuɗin Hajji, ka gama da fim ɗinka. Babu wasan jarumi da zai wanke wannan. A nan akwai wata kyauta da harshe ya ba marubucin Legas: a bakin titi, "mugu" shi ne wawan da aka damfara, a Hausa kuwa mugu shi ne azzalumi. Alhajinka duka biyun ne. Sin ɗaya ya isa, inda wani yaron gari ya kira shi mugu, shi kuma ya ɗauka ana yaba wa taurin kansa a ciniki.

Yanzu macen, kuma a nan yawancin rubutu ke faɗuwa.

Kuskuren da aka saba shi ne a ɗauka baƙon hali ado ne. A ba ta dariya mai ƙara, ko ta riƙa sa takalmi ƙafa daban-daban, ko tana magana da kyanwa, sai a ce an yi mace ta daban. Wannan ba hali ba ne, kayan sawa ne. Baƙon halin da ke aiki yana da sharuɗɗa: ya fito daga rayuwarta, ya zama barazana ga damfarar, kuma ya zama shi ne abin da ƙanin ya rasa a tasa rayuwar. A misalinmu, ita ce 'yar ɗan'uwan Alhaji, bazawara, ita ke riƙe masa lissafi a shagonsa na Mile 12. Tana da littafin bashi guda biyu. Ɗaya na kuɗi. Ɗayan na ƙarya: duk wanda ya yi mata ƙarya sai ta rubuta sunansa da rana da abin da ya ce, ba ta tanka masa, ba ta fushi, sai ranar da ya dawo ta buɗe shafin ta ce ana binsa uku. Dalilinta yana nan a aurenta na fari, amma kada ka sa ta zauna ta ba da labarinsa da hawaye. Layi ɗaya daga bakin wata gwaggo ya wadatar.

Dubi abin da littafin nan ke yi wa labarin. Ƙanin mutum ne da duk maganarsa wansa ya tsara masa. Ga mace mai ƙirga ƙarya. Duk zuwansa shago, mai kallo yana kallon hannunta ko zai kai ga biro. Ka sami abin dariya mai maimaituwa, ka sami ma'aunin soyayya da ido ke gani, ka kuma kauce wa matsalar da ke damun duk mai son fim ɗinsa ya shiga Arewa, wato taɓa jiki tsakanin namiji da mace, wanda hukumar tace finafinai ta Kano ba ta yarda da shi. Ba ka bukatar riƙe hannu. Ranar da ya yi doguwar magana ta ɗauki biro, ta dube shi, ta ajiye ba ta rubuta komai ba, an gama. Ko kuma akasin haka, wanda ya fi daɗi: ya faɗi gaskiya karon farko a rayuwarsa, cewa yana sonta, ita kuma ta rubuta.

Ga ɗan samfurin yadda maganarsu za ta kasance:

"Malam, jiya ka ce daga Funtuwa kake."
"Haka ne, Hajiya."
"Shekaranjiya Malumfashi."
"Ai maƙwabta ne."
"Ban ce ba maƙwabta ba ne. Biyar ke nan. Za ka biya ko in bar maka a shafi?"

Lura ba ta ɗaga murya ba, shi ma bai yi tsalle ba. Idan jarumin ya zaro ido ya kama kai a layin ƙarshe, dariyar ta tsere.

Abin da zai ɗaga fim ɗin daga matsayin wasa zuwa labari shi ne aure. A wajenmu so ba ya tsayawa tsakanin mutum biyu. Da ƙanin ya nuna da gaske yake, sai a ce ya turo manyansa, a kuma fara binciken asali. Wannan shi ne mafarkin tsoro na ɗan damfara: dattawa su tashi mutum takanas ya je garinsu ya tambayo waye ubansa. Kuma wa zai turo a matsayin babba? Wansa, wanda Alhaji ya riga ya sani da wani suna, a matsayin mai tirelar raguna da ba ya da wata alaƙa da yaron. Mutum ɗaya, rawa biyu, gida ɗaya, rana ɗaya. Zaman gaisuwar nan shi ne tsakiyar fim ɗinka, ka ba shi shafi 10 zuwa 12 ba tare da jin kunya ba. Ka tsara falon kamar filin yaƙi: ƙofa biyu, labule ɗaya, banɗaki a waje. Ka rubuta a takarda daban inda kowane mutum yake a kowane minti, da abin da ya sani da wanda bai sani ba. Idan ba ka yi wannan jadawali ba, za ka iske a wurin ɗauka cewa Alhaji ya ga wan da rawani da kuma babu rawani cikin minti biyu bai ce komai ba, kuma mai kallo zai gani ko da kai ba ka gani ba.

Wan zai yarda ya yi wannan rawa don yana ganin neman auren wani mataki ne na damfarar. Ƙanin kuma ya bar shi a haka. Karon farko ke nan da ƙarami ya yaudari babba, kuma daga nan labarin ya juya.

Maganar abin da mai kallo zai sani tana da ƙa'ida guda da ba ta cika karyewa ba. Shirin da aka bayyana wa mai kallo dalla-dalla dole ya lalace, domin daɗin yana wajen ganin inda zai fashe. Shirin da aka ɓoye shi ne ke yin nasara. Saboda haka a kashin farko ka buɗe komai: ka nuna wata ƙaramar damfara ta minti shida ko bakwai, daga farko har ƙarshe, don a ga yadda 'yan'uwan ke aiki, wa ke magana, wa ke shiru, wace alama suke yi wa juna. Wan ya gyara hularsa, ma'ana a tashi. A babbar damfarar ka bayyana kashi biyu cikin uku, ka riƙe ɗaya. Amma abin da ka riƙe dole a taɓa ganinsa a allo aƙalla sau biyu kafin ya yi aiki, a gan shi ba a gane shi ba. Idan a minti na 88 wani ɗan sanda na bogi ya faɗo daga sama, wanda ba a taɓa gani ba, marubuci ne ya damfari mai kallo, kuma mai kallo ba ya yafe wannan. Juyi biyu sun isa. Na uku yana sa mutane su daina yarda da komai, har da soyayyar, alhali ita ce abu ɗaya da kake so a yarda da shi.

Ga rabon shafuka, a bisa lissafin da aka saba na shafi ɗaya minti ɗaya: 1 zuwa 10 ƙaramar damfara da ɗakinsu, zuwa 25 an ga Alhaji, an ga mai littafi, wan ya ce wannan ce ta ƙarshe, 25 zuwa 45 ɗanɗano, inda aka kawo wa Alhaji raguna biyar na gaske a farashi mai sauƙi ya sayar ya ci riba, 45 zuwa 57 zaman gaisuwa, zuwa 75 komai na zubewa, 'yan'uwan sun yi faɗan da suka shekara 20 suna ɗagawa, sauran kuma jajibere da safiyar Sallah. Faɗan nan kada ya zama ihu. Ƙanin da bai taɓa kiran wansa da suna ba, ya kira shi da suna sau ɗaya. Ya fi mari zafi, kuma kowane Bahaushe a ɗakin kallo zai ji shi a ƙirjinsa.

Ƙarshen yana da takura biyu. Hukumar tace finafinai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, ita ke ba fim aji kafin ya shiga sinima ko kasuwa, kuma fim ɗin da ya nuna laifi ya biya riba lafiya lau yana jawo tambayoyi, haka ma iyaye masu kallo. A ɗaya ɓangaren, idan aka ƙare da ankwa da wa'azin minti huɗu, barkwancin ya zama darasin makaranta. Hanyar tsakiya ita ce kuɗin ya fita daga hannunsu ta dalilin halinsu, ba ta dalilin sa'ar hukuma ba. Mai littafin ta san komai tun ƙarya ta biyar, ta bar su ne don lissafin kawunta ma yana hannunta, ta san nawa ya danne wa yaransa. Kuɗin ya koma inda ya fito, hannun yaran nan. Wan ya tashi a tutar babu, sai dai ya tsaya wa ƙaninsa a wurin ɗaurin aure da sunansa na gaskiya, abin da bai yi amfani da shi ba tun zuwansa Legas. Tatsuniyarmu ta daɗe da sanin wannan: Gizo yana shan kashi a ƙarshe, amma ba a kashe shi, gobe da daddare yana nan.

Idan za ka shigo da hukuma, ka san abin da kake rubutawa. Lambar 419 sashe ne na kundin laifuffukan da ake amfani da shi a Kudu, wanda ya yi magana kan karɓar dukiya ta hanyar yaudara. Arewa kundinta daban, don haka ɗan sandan Kano da ke karanto wa mutum sashe na 419 kuskure ne. Akwai kuma dokar tarayya ta 2006 kan damfara, mai hukuncin ɗaurin shekara 7 zuwa 20, wadda EFCC ke yawan gurfanar da mutane a kanta. Amma rikicin raguna tsakanin Hausawa a Agege, kafin ya kai ofishin EFCC na Ikoyi, ya fi yiwuwa ya fara zuwa gaban shugabannin kasuwa ko fadar Sarkin Hausawa. Sin na sulhu a gaban dattawa ya fi ofishin 'yan sanda gaskiya, ya fi shi ban dariya, ya kuma fi shi araha. Sannan a 2022 rundunar 'yan sanda ta ja kunnen masu fim da masu gajerun bidiyo kan sa kakinta ba da izini ba. Rage kaki a labarinka, ka rage wa furodusa ciwon kai.

Kuɗin da za a nuna ma haka. Kada ka buga takardun naira masu kama da na gaske, wannan hanya ce ta shiga hannu. Jaka a rufe, mai nauyi, wadda jarumi ke ɗauka da ƙyar, ta fi buɗaɗɗiya tasiri. Idan dole a buɗe, takardar gaske ɗaya a saman kowane ɗauri, farar takarda a ƙasa, mutum ɗaya ya ƙirga kafin ɗauka da bayanta. Ban da liƙi da tattaka kuɗi a sin ɗin biki: dokar Babban Banki ta 2007 ta hana wulaƙanta naira, kuma a 2024 an ga an gurfanar da fitattun mutane a Legas a kan haka.

Ɗaukar kanta. Abokin gabarka na farko a Legas sauti ne, ba hoto ba. Barkwancin baki yana rayuwa ne a kan ɗan shirun da ke tsakanin layi da layi, kuma shirun nan ne janareton maƙwabta da hon ɗin danfo, motocin hayar Legas, ke cinyewa. Agege tana kusa da filin jirgin Murtala Muhammed, layin dogo kuma ya ratsa ta, saboda haka ka sa a lissafinka cewa za a riƙa tsayawa ana jira. Kowane mai magana a maƙala masa ƙaramin makirfo a ƙirji, ban da na sanda. A ɗauki minti ɗaya na shirun kowane wuri kafin a tashi, mai tacewa, wato editan da ke haɗa hoto da sauti, zai yi maka addu'a. Janaretonku a kai shi nesa da doguwar waya, a bayan katanga. Sin na cikin gida a yi su da rana tsaka, na kasuwa da sassafe kafin ta cika. Shafi biyar a rana shi ne abin da ƙaramar tawaga ke iya yi ba tare da wasan ya lalace ba, wato kwana 19 zuwa 20, sai ka ƙara biyu na ruwan sama idan aikin ya faɗo a Yuni ko Yuli. A titi kuma, a gana da masu unguwa tun kwana biyu kafin a kafa kyamara, a sa kuɗin sallamarsu a kasafi da sunansa. Wanda ya ce zai yi wayo a nan zai biya ninki, da rabin yini a kai.

Ragunan su ne wahala ta biyu. Kasuwa cike da raguna ba a gina ta, sai dai a same ta, kuma mako ɗaya take a shekara. Ka tura mutum uku da kyamara ɗaya a makon Sallah, wajen Oko-Oba da bakin titunan da ake tsayar da dabbobi, su ɗauko hotunan nesa da na sauke kaya, da yardar dillalai. Sauran sin ɗin a yi su daga baya da raguna biyar ko shida na haya a sahun gaba, kyamara a ƙasa-ƙasa don kada a ga bayansu fili ne. A ɗauki hoton kowane rago a waya, a riƙe su har a gama, domin ragon dillali na sayarwa ne: wanda ka ɗauka ranar Litinin mai baƙin kunne, ranar Laraba yana gidan wani. A ba su dusa kafin a fara magana, rago mai yunwa ba ya barin kowa ya kai ƙarshen layi.

Wajen ɗaukar 'yan'uwan, ka riƙe su biyun a hoto ɗaya gwargwadon iko. Dariyar tana fuskar wanda ke saurare, ba wanda ke magana ba. Idan wan yana zuba wa Alhaji ƙarya kana nuna shi shi kaɗai, ka jefar da fuskar ƙanin da ke jin an canja masa garin haihuwa a gabansa. Kada mai tacewa ya sa ƙarar "ƙwal" ko dariyar gwangwani a kan kowane layi, abin ya dace da bidiyon minti ɗaya, a dogon fim yana gajiyar da kunne kafin minti 20.

Sai harshe. Ɗan damfarar Legas yana da baki uku, Hausa da Turancin buroka da ɗan Yarbanci, kuma sauya bakin wani makami ne. Wan yana yi wa direba buroka, ya juyo ya yi wa Alhaji Hausar dattawa da "ranka ya daɗe", ya yi kamar bai jin Yarbanci a gaban wanda ke zaginsa da shi. Ka rubuta kowane sauyi a cikin rubutun, kada ka bar wa jarumi ya yi yadda ya ga dama, don wanda ya ji me, da wane harshe, ɓangare ne na jadawalin nan na wa ya san me. Fassarar ƙasan allo kuma a sa ta fito daidai da layin, ba kafinsa ba. Idan rubutun ya riga bakin jarumi da daƙiƙa biyu, rabin ɗakin ya riga ya yi dariya ya gama kafin mai littafin ta ce "Biyar ke nan."